Romon Ƙwarin Teku a Gidan Alhaji Inuwa

Wajen masu sayar da kifi a unguwar Murabba suka fara haɗuwa. Muhibba, nas a wani asibiti, ta tsaya tana yatsina fuska a kan tulin jatan lande da habbar, halittar tekun nan mai tarin hannuwa.

"Wai mutane ke cin wannan?" ta ce.

"Har da kyawawa irinki," in ji saurayin da ke gefenta. Yacouba ke nan, ɗan Maraɗi, kuku a wani gidan abinci na 'yan Koriya.

Ta watsa masa harara, amma ba ta hana shi lambarta ba.

Tafi-tafi har ya fara koya mata jamfon ta waya, wato taliya cikin jan romo mai yaji da kayan teku.

"Tauraruwata," ya rubuto, "ki soya tafarnuwa da citta, ki zuba garin barkono a cikin man, kan wuta kaɗan, in ya ƙone ɗaci zai yi. Kabeji kuwa wuta sosai yake so, kamar yadda nake son ki."

Ta mayar masa: "Sarkin ƙwarina, girki kake koya min ko waƙa?"

Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, Alhaji Inuwa injiniya, tsaki ya ja.

"Kuku? Ƙato ya wuni yana fiɗar ƙwari? Ga Dokta Mustapha na neman ki, ki ɗauko min mai ƙarnin kifi?"

"Abba, ka dai gan shi tukuna."

"Zan gan shi. Su zo tare ranar Juma'a, ya ga tsaran da yake ja da shi."

Bayan an sauko daga masallaci suka hallara a gidan Alhaji da ke unguwar Nasim. Muhibba ta shigo da kwanuka suna tururi. Jamfon ta dafa.

Alhaji ya leƙa kwanonsa. "Mene ne wannan? Kududdufi kika kwaso mana?"

Dokta ya ƙyalƙyale da dariya, ya ture nasa da bayan hannu, ya zaro waya.

"Baba, bari in yi mana odar kabsa, dafa-dukan Larabawan nan. Gidana akwai mai aiki, in ta tare ba sai ta riƙa azabtar da mutane ba."

Alhaji ya dubi Dokta. Shi ya kushe girkin 'yarsa daidai ne, shi ya haife ta. Amma baƙo, a kan ledarsa?

Ya jawo kwanon, ya yi bisimilla. Yaji ya kama shi, ya shiga tari, hawaye na bin gemunsa. Yacouba ya miƙa masa ruwa da hannu biyu, kansa a ƙasa. Alhaji bai tsaya ba sai da ya shanye romon tas.

Can ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.

"Dokta, abincinka ya iso," Alhaji ya ce yana share gumi. "Ka tarye shi a ƙofa, ku wuce tare."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Da ango da amarya suka durƙusa gaban Alhaji, ya dafa kawunansu.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuriya ɗayyiba. Kai kuma Yacouba, ka riƙe min ita amana. Ƙwarin nan dai ku ci abinku a gidanku."