Layi Huɗu Maimakon Biyar

Ranar da Mai Walda ya fara shiga kicin ɗin otal, a kan kifaffen bokiti ya tarar da Guntuwa mai wanke-wanke, ta yi ɗage tana neman ɗora faranti a layin ƙarshe na tsohuwar kanta. Bokitin ya goce, ya yi wuf ya tare shi da ƙafa.

"Sannu, Malama. Kullum haka kike hawa?"

"Ya zan yi? Wanda ya ƙera ta bai san da irinmu a duniya ba."

Ya yi dariya, ita kuwa tun daga nan zuciyarta ta bi shi.

Sabuwar kanta aka ba shi ya ƙera, wadda za ta ɗauki faranti ɗari biyu, layi biyar, arba'in-arba'in. Ya auna kaurin faranti, ya bar ratar yatsa tsakani don iska ta shiga. Awon da bai wuce na yini guda ba, bawan Allah ya yi ta jan sa.

Baban Guntuwa, wanda shi ne babban kuku, ya gano bakin zaren.

"Kai, awon faranti aka kira ka ko awon 'yata? Kada in sake ganin ka kusa da ita."

Washegari Guntuwa ta hango Mai Walda ta taga tare da Mai Tire, budurwar da ke kai wa baƙi abinci. Ya tsayar da ita jikin bango, ta miƙa hannu sama, yana sa alama da alli, ita kuma sai wani fari take da ido. Kishi ya turnuƙe Guntuwa, ta dirji farantin hannunta kamar shi ya yi mata laifi. Me ya gani a jikinta? Ko tsawo ba ta fi ta ba!

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta: "Guntuwata, yau ban ga murmushinki ba."

Ta mayar: "Je ka auna na Mai Tire, tunda tef ɗinka ba ya gajiya."

Ta goge lambarsa, lambar da ta riga ta haddace. Ta daina amsa gaisuwar Mai Tire, abinci ma sai tsakura.

Ranar da aka kawo kanta, sai ga ta gajeriya mai faɗi. Baba ya ɗaure fuska.

"Ina layi na biyar?"

"Baba, ɗari biyun na nan. Faɗaɗa ta na yi, layi huɗu, hamsin-hamsin. Na saman daidai inda hannun Guntuwa ke kaiwa. Kun hana ni matsawa kusa da ita, shi ya sa na ari hannun mai tsawonta."

Mai Tire ta taɓe baki. "Har kafaɗata ta yi tsami, amma zancenki kawai ya yi ta yi min."

Guntuwa ta ɗauki faranti, ta ɗora a layin sama ba tare da ɗage ba, kunya kamar ta nutse. Baba ya daɗe yana kallon bokitin nan da ya saba gani kullum bai taɓa damuwa ba.

"Ka turo magabatanka," ya ce a hankali.

Aka ɗaura aure, ma'aikatan kicin suka yi ta sa albarka, Allah Ya ba da zaman lafiya da zuri'a ta gari. Mai Tire ce ma babbar ƙawar amarya. Amma alamar allin nan ta jikin bango, amarya da hannunta ta sa soso ta goge ta tas.