Yatsan Munir a Ƙofar Kamfani

"Ke Mutmainna! Kira mani yaron nan ya zo ya kai ni Safana, an ce jikin Goggonki Saude ya tashi."

Mutmainna ta jingine tsintsiya ta ɗauki waya. Yaron nan da Inna ke nufi shi ne Munir, wanda aka sa musu ranar aure shi da Mutmainna bayan girbi. Tun da rashin tsaro ya taso su daga Runka suka tare a Batsari, babu namiji babba a gidan sai mahaifinta Malam Rabe, shi kuwa yana Islamiyya wuni guda. Sai ga Allah Ya kawo musu suruki mai babur, ga kunya ta yi masa yawa. Ai shi ke nan! Kai gero niƙa, Munir. Ƙanwa ta kwana da zazzaɓi, Munir. Gaisuwar mutuwa a Zakka ma, Munir.

"Kana ina?" ta tambaya da shagwaɓa.

"Ina wurin aiki, ranki ya daɗe. Lafiya dai?"

"Inna za ka kai Safana."

Tana jiyo ƙugin inji a bayansa ya ce, "Ko za a bari mu tashi tukuna—"

"Au! To bar shi kawai. Na ga alama kamfanin ya fi mu."

"A'a, sori, ga ni nan tafe."

Ta kashe wayar tana murmushi. Gaskiya abin yana yi mata daɗi, har fariya take yi wa ƙawaye cewa nata ko tari ta yi sai ya baro aiki. A tunaninta aikin kamfanin gyaran riɗi da waken suya duk ɗaya ne da na gwamnati: ka nemi izini ka fita, wata ya mutu a ba ka albashinka cif.

Aka yi girbi, aka kai hatsi gida, lefe shiru. Munir ya zo ya durƙusa gaban Malam yana roƙon a ƙara masa lokaci, abin bai taru ba. Goggo Saude, wadda ta warware har ta zo ganin kayan da babu su, ta riƙe haɓa.

"Ma'aikacin kamfani guda a ce akwati ya gagare shi? Ku dai bincika, wallahi akwai inda yake kai kuɗin!"

"Ni ma abin da na ce ke nan," in ji Inna. "Yaro sumumu-sumumu, ashe ba riƙo."

Malam ba mai yawan magana ba ne. Cewa kawai ya yi ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai san inda guminsa ke zuwa ba. In Juma'a ta zo babu bayani mai kama hankali, a mayar musu da kayan sa rana.

Mutmainna ta sha kuka har idanunta suka kumbura. Tana son Munir, amma haushinsa ya cika ta, don duk tambayar da ta yi masa amsar ɗaya ce: ta yi haƙuri. Ranar Alhamis ta zura hijabi ta nufi kamfanin da kanta, ta rantse sai ya faɗa mata wadda yake kashe wa kuɗi.

A bakin ƙofa ta kira shi ta ce ya fito yanzu-yanzu. Tana sauke wayar sai ga Ramlat, tsohuwar ƙawarta ta Islamiyya da ke tsintar riɗi a wurin, ta fito cin abinci. Suna cikin gaisawa Mutmainna ta hango shi can ciki, fari fat da ƙurar riɗi. Ya tsaya gaban wani ɗan akwati da ke manne a bango, ya goge babban yatsansa a riga, ya danna. Abin ya yi ƙara. Wani mai tumbi da ke zaune kusa ya girgiza kai.

"Munir, yau ma?"

Ya tsaya yana ba mutumin haƙuri.

"Mene ne wancan da ya danna?" Mutmainna ta tambaya.

Ramlat ta dube ta da mamaki. "Au, ba ki sani ba? Nan ai da awa ake biya. Ka shigo ka danna, ka fita ka danna, injin ya daina ƙirga maka. Ranar Asabar alat na kuɗinka ya shigo waya, iyakar awannin da ka yi. Ko asibiti ka je ba ruwansa. Angon naki ai alat ɗinsa ya fi na kowa rama, har direban surukai suke ce mashi. Oga ma ya ce in bai daina fita ba za a ba wani gurbinsa."

Mutmainna ta bi Munir da kallo. Ta tuna tafiyar Safana da ta cinye wuni guda, da ta Zakka, da ranar da ta sa ya zo don kawai ya kai ta kitso. Ko man babur ba su taɓa zuba masa ba. Ashe wadda ake nema, mai cinye kuɗin lefenta, ita ce da bakinta. Kunya ta lulluɓe ta, ta ji ta tsani muryar da take yi masa shagwaɓa da ita.

Ya iso yana laluben makullin babur a aljihu. "Lafiya? Ina za a kai Inna?"

Sai kawai ta fashe da kuka. "Koma! Don Allah koma ka danna!"

"Subhanallahi, me ya faru?"

"Me ya hana ka gaya mani, Munir?"

Ya dubi Ramlat, ya gane, ya sunkuyar da kai. "Da wane baki zan ce wa mahaifiyarki lokacina na kuɗi ne? Tawa ta rasu a Ruma ban samu na yi mata komai ba. In Inna ta aike ni daɗi nake ji."

"Ni dai ka koma, injin a tsaye yake!" Ta juya da sauri, don ta san duk kalmar da ta ƙara daga aljihunsa za ta fita.

A gida ta zube gaban iyayenta ta kwashe komai ta faɗa, har zancen kitson ba ta ɓoye ba. Inna ta saki muciya tana salati.

"Wayyo ni! Na ci gumin maraya, na kuma bi shi da baki!"

Goggo Saude ta shiga gyaran ɗankwalin da bai kwance ba. Malam ya ce aure yana nan a ranarsa, sadaki ya wadatar, lefe kuma abin da ya sawwaƙa. Ya ɗauki hularsa ya ce zai je ya nemi gafarar yaron.

"Baba, in kira shi ya fito?" Bakin Mutmainna ne ya riga ta, ta yi saurin toshe shi da hannu.

"A'a, uwata. Ya fito mana ya isa."

Ramlat ce ta ba ta labarin sauran. Malam Rabe, da furfurarsa da darajarsa, ya shimfiɗa buzu ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar kamfani, ya hana mai gadi ya yi masa iso. Nan ya yi la'asar, nan ya zauna yana jan carbi har aka tashi ma'aikata. Da Munir ya gan shi ya durƙusa, Malam ya kama hannunsa ya ɗaga shi.

An ɗaura aure da akwati ɗaya, amarya ta tare tana alfahari da shi. 'Yan mata, ku ji da kyau: zuwan saurayi duk sa'ar da kika kira ba shi ne ma'aunin so ba. Mai kunya ba zai gaya miki abin da ya rasa ba, ke ce za ki tambaya. Mutmainna ta tambaya a makare, saura ƙiris ta rasa mijinta a kan laifin da ita ta yi.