Fasinjan Babur ɗin Malamin Gona

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Ke Ummita, ajiye wayar nan. Wanda ya san shi matsoraci ne ya tashi tun yanzu, don ni ba na rakiyar kowa bayan gida.

Kun san Kawu Badamasi na Kwarin Gawo, wanda sai ya wuni bai yi magana goma ba. To, a da ya fi kowa surutu. Wannan abin ne ya rage masa baki.

Mahaifinsa malamin gona ne. A wurin aiki aka ba shi babur irin dogon nan, mai tayoyi masu haƙora, wanda ke shiga laka da yashi bai damu ba. Wata rana da tsakar rana tsohon ya dawo yana turo shi, gumi sharkaf. Ya jingina shi a rumfa bayan rumbu. Bai sake taɓa shi ba har ya rasu. In an tambaye shi sai ya ce, "Ku bar shi." Shekara goma sha tara babur yana nan.

Badamasi ma da ya bar shi, ba don matarsa Barira ba. Haihuwarta ta fari da damina ta zo. Fadamar da ke tsakaninsu da gari ta cika, mota ba ta shigowa, ƙananan babura sun kafe a laka. A amalanke aka ɗauke ta. Kafin a kai asibiti ɗan ya koma. Yanzu ga ta da wani cikin, wata bakwai, kuma lissafi ya nuna tsakiyar damina zai faɗo. Tsoro ya hana Badamasi sukuni. Ya rantse wannan karon a bayan babur ɗin babansa zai kai ta.

Shi ba bakanike ba ne. Kayan aikinsa sifana biyu, filaya, guduma, sukurdireba mai fasasshen hannu, sai kwanon kalanzir na wanke tsatsa. Dabararsa ɗaya ce. Ya shimfiɗa tabarma, duk abin da ya kwance ya jera shi daga dama zuwa hagu, don in ya zo ɗaurawa ya bi layin ya koma.

Babur ya ga duniya. Zanzaro ya yi gida a bakin tanki, ɓeraye sun cinye wayoyi, sarƙa ta sandare, kashin kaji ko'ina. Amma rabin kujera na baya fes yake. Ba ƙura, ba tsaga. Har ɗan lotsawa ya yi a tsakiya. Badamasi ya duba, ya taɓe baki, ya ci gaba da aikinsa.

Kwana uku yana kokawa da wani noti a jikin inji, ya ƙi motsi. Rana ta huɗu ya je azahar ya dawo, ya tarar da notin a kan tabarma. An kuma sauya jerin kayansa.

"Barira, ke kika taɓa mini kaya?"

"Ni da wannan cikin zan durƙusa ina wasa da ƙarfe, Malam?"

"To wa ya shigo?"

"Ban ji sallamar kowa ba."

Zuciyarsa ta tafi kan masu sayen gwangwan, waɗanda suka daɗe suna leƙen babur ɗin ta katanga. Washegari ya yi sallarsa a gida, ya laɓe bayan rumbu, guduma a hannu. Bazara ce, rana tsaka, ko kaza ba ta motsi. Bai ji buɗe ƙofa ba. Bai ji taku ba. Ya dai leƙa, sai ga mutum zaune a kan kifaffen turmi.

Siriri ne, da tsohuwar riga irin ta saƙi, da ɗan ƙunshi a cinya. Bai ko ɗago kai ba.

"Allurar kafireta, mai sakar wa inji mai, a juye ka sa ta," in ji shi. "Ba haka take zama ba."

"Daga ina kake?"

"Daga nan."

"Wa ya ba ka izinin shigo mini gida?"

"Babanka."

Badamasi ya ce a ransa, ɗan leƙen asirin ɓarayi ne, ya ji labarin gidan a wani wuri. Ya saci kallon sifanunsa, suna nan. Ya juya allurar don ya ƙaryata mutumin. Sai ta zauna daram.

Daga ranar kullum baƙon sai ya bayyana da tsakar rana. Ba ya sallama, ba ya shan ruwa, ba ya taɓa komai in ana kallonsa. Baki kawai yake sawa. Goge fulogi. Jiƙa sarƙa ta kwana. Wannan wayar da waccan. Badamasi na bi, yana kuma kwana da kayan aikinsa a ƙarƙashin gado. Abin da ya fara damunsa muryar ce. Mutumin na gabansa, yana ganin bakinsa na motsi, amma maganar ta bayan kunnensa take fitowa, daf da ƙeya.

Ran nan wani ɗan noti ya suɓuce masa, ya gangara gindin turmi. Ya sunkuya zai ɗauka. Nan ya ga ƙafafun.

Ba sa taɓa ƙasa. Suna rataye kamar taƙi guda, ɗaya nan, ɗaya can, tafin a shimfiɗe, kamar kowace ta taka wani abu da ido ba ya gani. Zaman wanda aka goya a babur ne sak.

Badamasi ya ɗauki notinsa. Ya miƙe a hankali. Duk addu'ar da ya iya ta tsere masa, sai bisimilla kawai yake ta nanatawa a ciki.

Ya so ya watsar da aikin, wallahi ya so. Amma da yamma hadari ya fara haɗowa a gabas, ga Barira na tafiya tana dafa bango. Bai gaya mata komai ba. Da safe ya koma kan tabarmarsa.

Ranar da ya gama ɗauri, ya zuba mai, ya yi ta bugawa har ƙafarsa ta yi tsami. Can inji ya yi tari, ya yi tari, ya kama. Hayaƙi ya cika gidan. Barira ta fito tana dariya, rabon da ya ga haƙoranta tun wancan rashin.

"Zo ki gwada wurinki," in ji shi.

Ta matso, ta ɗora hannu a kujerar baya. Ta janye da sauri kamar ta taɓa tukunya.

"Malam, da mutum."

"Wane irin mutum?"

"Ni dai ban sani ba. Amma ba zan zauna a cinyar wani ba."

Ta shige ɗaki ta saki labule. Badamasi ya tsaya da babur na ruri a hannunsa. Duk wahalar nan don wurin zama ɗaya ya sha ta, ga shi wurin da mai shi.

Washegari da rana ta take, baƙon na kan turmi. Wannan karon fushi ya fi tsoro ƙarfi.

"Me kake so da ni?"

"Sauka."

"To ka sauka mana!"

"Ba a kai ni ba." Muryar ta yi ƙasa. "Babanka ya same ni a hanya. Ban tsayar da shi ba. Shi ya ce in hau ya rage mini hanya. Na ce Kufan Maƙera. Ya ce to. Muna tsakiyar tafiya ya dubi ƙasa, ya gane ba mutum ya ɗauko ba. Ya kashe inji, ya turo mu gida."

"Shekara goma sha tara kana zaune?"

"Mu in an ce mu hau, ba ma sauka sai an kai mu."

Kun san halin mutanenmu. Ba a wuce mai tafiya a ƙasa ba a ce ya hau ba. Kirkin tsohon ne ya ɗauko masa, tsoro kuma ya hana shi ƙarasawa.

Kufan Maƙera tsohon gari ne da aka tashi tun zamanin kakanni, ba kowa sai kukoki da guntayen bango. Badamasi ya yi alwala, ya ce wa Barira zai gwada babur. Yana hawa ya ji baya ya nutse, kamar an ɗora buhun masara uku. Gwiwoyi biyu masu sanyi suka matse shi.

Suka kama hanya. "Dama," in ji muryar. "Hagu." Suka bar hanyar shanu, suka shiga wata da ciyawa ta cinye. Tsuntsaye suka yi shiru. Har ƙarar injin ta koma kamar daga cikin rijiya take fitowa.

"Tsaya."

Ya tsaya. Nauyin bai ɗaga ba.

"Ka faɗa."

"In faɗi me?"

"Abin da ake gaya wa wanda aka kawo."

Da kyar Badamasi ya ce, "Mun iso. A sauka lafiya."

Babur ya yi sama. Ya ji taku biyu a ƙasa, tim, tim. Sai ga guɗa daga cikin kukoki, da muryoyi rututu, "Maraba, maraba, sai yau?" Ga ƙarar daka, ga ƙanshin tuwo. Ya duba ko'ina, ba ko mutum ɗaya.

"Ba ni da abin ba ka," in ji baƙon, yanzu daga nesa. "Amma wanda ya fara zama inda na tashi, zai isa inda za shi. Mutum ɗaya. Tafiya ɗaya."

Badamasi ya juya kan babur. Yadda ya zo gida, shi kansa bai sani ba.

Daga nan wata sabuwar damuwa ta kama shi. Kyauta ce ko tarko? Inda za shi ɗin, asibiti ake nufi ko Kufan Maƙera? Ya juya maganar ya sake juyawa, bai samu bakinta ba. Abu ɗaya ya yanke: ko mene ne, ba zai ɓarar da shi a kan wani ba. Mako shida yana yawo shi kaɗai a babur, yana wuce mutane. Aka fara cewa ya tashi mataccen ƙarfe ya ɗauki girman kai. Wasu suka ce asiri ya yi.

Mafi muni ranar kasuwa ce. Ya ci karo da surukinsa, Malam Ɗayyabu, mahaifin Barira, tsoho tukuf, yana tafe cikin rana da buhu a ka. Badamasi ya sauka, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Ya karɓi buhun ya ɗora a tanki. Sannan ya kama turin babur a gefen tsohon.

Suka yi tafiya mai nisa a haka.

"Ya lalace ne?" in ji Malam Ɗayyabu.

"Lafiyarsa lau, Baba."

"Mai ne babu?"

"Akwai, Baba."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "To," kawai ya ce. Ya sauke buhunsa ya mai da ka. Kunya ta kusa kashe Badamasi a wurin, ya tsaya yana hawaye kamar yaro. Daga ranar surukinsa bai ƙara amsa gaisuwarsa ba.

Sai aka yi kwana uku ana ruwa. Rana ta huɗu da hantsi naƙuda ta tashi, kuma ta zo da gardama irin ta farko. Ungozoma ta fito ta girgiza kai ta ce sai asibiti. Badamasi ya tayar da babur ya kawo ƙofar ɗaki. Aka fito da Barira. Nan Badamasi ya tsaya yana kallon kujerar.

"Malam, me kake jira?"

"Barira, akwai abin da ban gaya miki ba."

"Ka gaya mini in mun dawo. Ɗora ni."

Aka ɗora ta, aka ɗaure ta a jikinsa da zane. Suka fita.

Fadama ta zama kogi. Masu amalanke na tsaye a baki suna yi masa ihu ya koma. Ya yi bisimilla ya shiga. Ruwa ya shanye tayoyi. Ya shanye inji. Ya kawo gwiwarsa. Ko mai ƙaramin hankali ya san injin da ruwa ya rufe mutuwa yake yi. Wannan bai ko yi tari ba. A tsakiya igiyar ruwa ta buge su, zanen ya kwance, Badamasi ya ga ya tafi da ruwa. Ya ƙwala kiran sunanta. Hannu biyu na kan babur, ba halin ya saki ko ɗaya. Haka ya yi ta kiranta har suka hau tudu.

A ƙofar asibiti inji ya ɗauke, bai kuma sake tashi ba har yau. Kafin la'asar Barira ta sauka. Mace, lafiyayya. Ita ce Yaya Nusaiba da kuke zuwa ta yi muku kitso.

Da aka bar shi ya shiga, Barira na kwance, murya can ƙasa.

"Malam, wace baiwar Allah ce ta hau bayana?"

"A ina?"

"A fadama. Da zanen ya tafi, na saki jiki, na ce shi ke nan. Sai na ji hannu biyu sun tallafe ni. Ba ta sake ni ba sai a ƙofar nan. Ka nemo ta ka yi mata godiya, don Allah."

Badamasi ya dubi jaririyar. Ya daɗe yana dubanta.

"Zan yi," in ji shi.

Yau shekara ashirin da biyu, godiyar nan bai kai ta ba. Ya sha zuwa bakin hanyar Kufan Maƙera da rana, ya tsaya, ya tsaya, ya juyo. Abin na cinsa, ni na sani, na taɓa ganin ya dawo idonsa jawur. To in shi da suka yi wa alheri ya kasa shiga, ku kada wanda ya kuskura ya bi hanyar nan shi kaɗai. Kuma in Allah ya ba ku abin hawa, kuka ce wa bawan Allah ya hau, ku kai shi har inda ya ce.