Garkuwar Gidan Brassenac

Ranar Litinin da hantsi aka kira Sufeto Delmas zuwa cocin garin Brassenac. An sace garkuwar katako mai ɗauke da tambarin tsoffin masu garin, fararen tsuntsaye uku a kan shuɗi. Shekara ɗari uku tana rataye a saman kaburburansu, ba mai ɗaga kai ya dube ta sai da ta ɓace.

Delmas ya duba bangon. An zare ƙusoshin a hankali an jera a kan benci, fitilun azurfa kuwa ko taɓa su ba a yi ba.

"Fada, wannan ɓarawon ba mai sayarwa ba ne," ya ce wa limamin cocin. "Son ta yake yi."

Madam Brassenac ita kaɗai ta rage a zuriyar. Ɗaki talatin ne a gidanta, guda take hura wa wutar ɗumi. A nan Delmas ya same ta.

"Madam, akwai wanda ya taɓa damun ki a kan tambarin?"

"Babu."

"To waɗancan wasiƙun fa? Duk hannu ɗaya ne, kuma ba a buɗe su ba."

Ta taɓe baki. "Ta farko na karanta, ta ishe ni. Wani mai gyaran agogo ne, tashin gidan marayu, wai Firmin Brassenac. Shekara goma sha biyu yana kira na 'yar'uwa. Yo duk mai sunanmu sai ya zama jinina? Tambari na gida ne, ba na suna ba."

Delmas ya biya ofishin ajiye takardun marayu, ya fito da kwafin takarda ɗaya, jikinsa a sanyaye.

Shagon tsoho Firmin kuwa ko'ina tambarin ne, a ƙofa, a kofin shayi, har a zoben hannunsa, irin wanda 'yan kasuwa ke buga wa duk wanda ya faɗi sunansa. Kujera ɗaya ce a teburin cin abinci. Delmas ya san irin teburin nan tun rasuwar matarsa, sai tausayi ya kama shi.

"Jiya bayan ibada ina ka je?"

"Gida na dawo, ranka ya daɗe."

"Ashe? To ɓurɓushin shuɗin fentin nan a hannun kwat ɗinka fa?"

Tsohon ya daɗe yana kallon hannun rigar, sannan ya tura ƙofar ɗakin kwana. Garkuwar na kan gado, an goge ta tas.

"Ƙwari ke cin ta, Sufeto, Madam ko leƙawa ba ta yi! Ni na ɗauka. Amma mutum na satar kayan kakanninsa ne? Haka zan faɗa wa alƙali."

Delmas ya so ƙwarai ya yi shiru. Sai dai gara tsohon ya ji a nan da ya ji a kotu, gaban jama'a. Ya miƙa masa kwafin takardar.

"Baba, a tashar jirgin ƙasa ta garin nan aka tsince ka, kana ɗan kwana uku. Magatakarda ya rasa sunan da zai rubuta, ya rubuta wanda ke jikin allon tashar."

Firmin ya karanta takardar sau biyu. Ya zare zoben ya ajiye, ya kulle shagon da kansa, ya bi Sufeto zuwa mota. Sai da ya zauna ya yi magana a hankali.

"To Sufeto, ni ɗan gidan wa ne?"

Delmas ya tayar da mota.