Shaidar Yatsa Ɗaya

Ƙarfe ɗaya na rana aka ga farantin wayam. Sarƙar zinaren da aka kawo gyara ta ɓace daga kan tebur.

Kafin Sajan ya iso, ɗan mai shagon ya riga ya yanke hukunci. Ya nuna Dogo, mai goge kaya, wanda ya shekara goma sha biyu yana aiki a wurin.

"Shi ya taɓa ta ƙarshe, yallaɓai. A tafi da shi."

 An zazzage aljihun Dogo, an cire masa takalmi, ba a sami komai ba. Duk da haka Sajan ya sa masa ankwa, ya zaunar da shi a benci.

Shagon ɗaki ɗaya ne. Ƙofa ɗaya, taga mai ƙarafa, fanka mai kuka. A lungu mai shagon, tsohon maƙerin zinare, na zaune a keken guragu, kan wani matashin zama da ya sha jiki. Shanyewar jiki ta ɗauke masa magana, yatsa ɗaya kaɗai ke motsi.

"Yana ji?" in ji Sajan.

"Ras yake ji," in ji ɗan. "In ya buga sau ɗaya, i ke nan. Sau biyu, a'a."

Sajan ya durƙusa. "Baba, sannu da jiki. Ka san ɓarawon?"

Yatsa ya bugi hannun keke sau ɗaya.

"Dogo ne?" Sau biyu.

"Ɗanka ne?" Sau biyu.

"Ni kuma?" ɗan ya ce. "Har da ni a lissafi?"

"Yi mana shiru. Baba, baƙo ne ya shigo?" A'a.

"Sarƙar tana cikin ɗakin nan?" A'a.

"Ta taga ta fita?" A'a. "Ta ƙofa?" I.

"A aljihu?" A'a. "A hannu? A baki? A takalmi?" A'a, a'a, a'a.

Sajan ya duba littafinsa. Ba na ciki ba, ba baƙo ba. Ta ƙofa, amma ba a jikin kowa ba. Ya sake karantawa daga sama, kansa ya ƙara ɗaurewa.

"To ko ƙafa ta yi?"

"Yallaɓai, kada ka wahalar da kanka," in ji ɗan. "Tun da ciwon nan ya same shi, kan nasa sai a hankali."

Yatsan ya buga sau biyu, da ƙarfi.

Sajan ya tashi zai sha iska. Yana kaiwa ƙofa ɗan ya tare shi da hannu, sannan ya ji kunya ya janye.

"Yi haƙuri, sabo ne. Dokar Baba ce tun ina ƙarami: duk mai fita sai an laluba shi."

"Har kai?"

"Har ni. Dogo ya laluba ni, ni in laluba shi. Har mijin ƙanwata ba ya tsira."

"Wane mijin ƙanwa?"

"Mai gyaran waya. Shi ke tura Baba gida ya huta da sha biyu, ya dawo da shi ƙarfe ɗaya. Kullum."

"Ba ka ce mini wani ya shigo ba."

"Ai shi ba wani ba ne. Kuma da hannuna na laluba shi yau."

Sajan ya juyo ya dubi keken. "Baba fa? Wa ke laluba shi?"

Ɗan ya ɓata fuska. "Haba, yallaɓai! Uban nawa?"

Sajan ya koma ya durƙusa. "Baba, tare kuka fita da ita?" I.

"A kanta ka zauna?" I.

"An tsaya da kai a hanya?" I.

Suka ɗaga tsohon a hankali. A ƙarƙashin matashin akwai shafen jan maganin goge zinare, irin wanda ke hannun Dogo.

"Ban gama wanke ta ba na ajiye," in ji Dogo. Maganarsa ta farko ke nan.

Aka kira surukin. Ya shigo da fara'arsa, har da rusunawa.

"Yau kai tsaye ka wuce da shi gida?"

"Kai tsaye, ranka ya daɗe."

Yatsa ya buga sau biyu. Fara'ar ta gudu.

A rumfarsa aka sami sarƙar, cikin aljihun tebur, tsakanin matattun wayoyi.

Sajan ya yi wa ɗan bayani a taƙaice. "Yana gyara wa Baba zama ya tura ta ƙarƙashin matashi. Ka laluba mai turi, ka bar keke. Ya san ba za ka taɓa ubanka ba, ya kuma ɗauka mara baki ba ya shaida."

Ya kwance ankwar daga hannun Dogo, ya mayar a na surukin.

Dogo ya fara harhaɗa kayan aikinsa cikin jaka.

"Dogo, don Allah," in ji ɗan. "Ruɗewa ce."

Ko kallonsa bai yi ba. Ya rataya jakar, ya je gaban keken ya tsuguna.

"Baba, in zauna?"

Sau ɗaya.

Dogo ya sauke jakar. Ya ja kujerarsa, ya juya wa ɗan baya, ya ɗauki burushi.