Cinikin Karatu da Lantana

Na rasa akuya, na sami malama.

Bayan rasuwar maigidana na sayar da akuyata, na saya wa 'yata Lantana waya. A ciki malamai ke koya mata karatu. Rannan na kasa karanta takardar maganina, ita kuwa ta karanta tsaf.

Ta ce, "Inna, zo in koya miki."

Na ce, "Nawa?"

"Kullum ki ce 'ban sani ba' sau uku."

"Albarka! Ni da dillalai ke tsoro?"

"To, sau biyu."

"Albarka!"

Muka yi ta ciniki har tuwo ya huce. Daga ƙarshe na sallama: sau ɗaya a rana, a ɗaki, ƙofa rufe.