Ranar da Marmaro Ya Koma Kore

A bakin marmaron ƙauye Dunja ta fara ganin Vedran, ya durƙusa yana cika 'yan kwalabe kamar mai tallan magani. Ta tambaye shi ko ruwan birni ya ƙare ne. Ya yi dariya, ya ce hukuma ce ta turo shi, don yaran ƙauyen sun fama da ciwon ciki har an gaji. Kafin a tsinke inabin shekarar nan, so ya gama kama su biyun.

Mahaifinta Stipan majemi ne. Ruwan jimarsa a wani ramin dutse da ke bayan tsauni yake zubarwa, kamar yadda kakansa ya yi, kuma duk ƙauyen sun haƙiƙance cewa teku ramin yake kaiwa. Vedran ya bi rijiyoyi yana auna zurfinsu, ya lissafa inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya karkata, sai ya ga alamar ruwan ramin Stipan ne ke gangarowa marmaro. Ya tura wa Dunja saƙo:

"Hasken idona, gobe zan zuba koren rini a ramin Baba. In bai ɓullo a marmaro ba, ni na yi kuskure, kuma Allah ya sani na fi son haka."

"In ya ɓullo fa, masoyi?"

"Ba zan ɓoye ba."

Ta ci kuka ta ƙoshi, amma ba ta ce ya fasa ba.

Rinin ya ɓullo shar, a idon kowa. Aka rufe majema, aka kewaye marmaro da waya, Vedran kuma ya ce gubar da dutse ya sha za ta yi shekaru tana tsatsafowa. Ka san halin mutane, ba wanda ya zuba gubar suka tsana ba, wanda ya nuna musu ita suka tsana.

"Ka ci gurasar gidana, ka tona min asiri," in ji Stipan.

"Baba, yara ne suke sha."

"Ni ba babanka ba ne."

Stipan ya rantse gara ya ba ɗan maƙwabcinsa Jure auren Dunja. Dunja ta ce ko Vedran ko ta tsufa a gida. Mahaifiyarta ce ta tsaya kai da fata har aka sa ranar aurenta da Vedran.

Stipan bai je coci ba, kuma abin ya yi wa Dunja ciwo fiye da ɗaurin fuskar da 'yan biki suka yi. Sai da za a tafi da amarya ya fito, ya rame, ya ɗora hannu a kanta, bai ko dubi ango ba.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya," ya ce. "In kin kawo min su gaisuwa, 'yata, ki taho musu da ruwan sha daga birni."